Rariyar Ƙofar Gwaggo

Mu a Makka ba mu san damina ba, shita muka sani. Wata biyu ne ko uku da zafi yake ɗan ja da baya, mutum ya nemo bargo daga ƙasan akwati, kuma a cikinsu ake samun ruwan shekara, in har za a samu. Baƙi da sun ga yayyafi sai su fito suna ɗaga hannu sama. Ni ma ina ɗagawa. Amma wanda ya zauna a gindin dutse ya san dutsen garin nan ba ya shan ko ɗigo ɗaya. Duk abin da ya sauka a kansa sai ya gangaro, kuma ta ƙofar wani zai bi.

Lungunmu a unguwar Mansur yake, ya hau dutse kamar tsani. Gida tara ne, matakalar siminti ta ratsa tsakiyarsu. Iyayenmu ne suka zuba ta da hannunsu, shi ya sa ba za ka sami taki biyu da suka zo daidai ba. Nawa gidan shi ne na biyu daga ƙasa. A bakin ƙofata lungun ya rabu: hagu ya fita titi, nan kowa yake bi. Dama kuwa wani ɗan saƙo ne da ya nutse ƙasa da taki huɗu, ba ya fita ko'ina. A cikinsa ɗakin Gwaggo yake, kuma a gaban ƙofarta rariyar lungun gaba ɗaya take.

Gwaggo ba ƙanwar ubana ba ce, ba mu haɗa jini ba. Ƙawar uwata ce, tare suka yi tallar waina a bakin titi tun ban yi wayo ba, duk lungun kuma da Gwaggo muke kiranta. Ɗanta ɗaya yana unguwar Hindawiyya da iyalinsa. Ya yi ya yi ta koma wurinsa, ta ce ita ba kaya ba ce da za a ɗauka a ajiye.

Rariyar nan rami ne mai faɗi da ya haɗu da babbar kwalbatin da ke ƙarƙashin titi. Murfin ƙarfe ne a kanta, mai nauyi, da 'yan ramuka kamar na matankaɗi. Kullum a rufe take saboda ɓeraye da ƙafar mutane. Ramukan sun isa ruwan wanki da na wanke-wanke, amma ba su isa ruwan sama ba, leda biyu ma sai ta toshe su.

To ga yadda muka gada. Kowane gida shi ke da matakala daga ƙofarsa zuwa ƙofar da ke ƙasa da shi. Gidan ƙarshe shi ke da rariya. Idan hadari ya haɗu, mai rariya zai fito da rodi, ya kankare yashin da ya cike gefen murfin, ya ɗaga shi ya jingine da bango. Sannan ya ɗaga murya ya ce: "An buɗe!" Gidan da ya ji ya miƙa wa na sama, har kiran ya kai gidan tara. Sai an ji wannan kiran kowa zai fito da tsintsiya da bokiti, ya share rabonsa, ya koro yashi da tsakuwa ƙasa, rariya ta haɗiye kafin ruwa ya sauko. In kuwa hadari ya haɗu ba a ji kira ba, gida na gaba ne zai sauko ya buɗe, ba sai an roƙe shi ba. Babu hukumar da ta sa mu, babu takardar da aka rubuta. Haka muka tashi muka tarar.

Gwaggo ta riƙe rariyar nan tun ina goye. Da ƙafafunta suka mutu ta koma kan gado, ni na miƙe a gaban matan lungu na ce na karɓa. Ba wanda ya tilasta ni. Har da bugun ƙirji na ce, muddin ina numfashi ruwa ba zai shiga wa Gwaggo ɗaki ba. Ni na san bakina, ba ya jiran a gama auna magana.

A shekarar ne na shiga makarantar manya. Na haura arba'in, 'ya'yana sun yi aure, mijina yana aiki a Jidda sai ƙarshen mako yake zuwa. Na gaji da miƙa wa mutane waya su karanta mini saƙo, na gaji da dangwala yatsa a takarda kamar mai ɗanɗana miya. Bayan la'asar ake buɗe mana wata makarantar 'yan mata, mu zauna a kujerun da gwiwoyinmu ba sa shiga. Malamarmu, Abla muke ce mata, sa'ar 'yata ce. Ban ji kunyar wannan ba. Abin da yake ƙona ni shi ne maƙwabciyata ta gidan sama, wadda nake ce wa Yaya. Ba ta da mugun hali, sai dai tsokana. Da ta gan ni da jaka sai ta leƙo ta taga: "'Yar makaranta, an ba ki kuɗin tara? Kar dai ki yi fitsari a aji!"

Ranar da nake son faɗa, Abla ta ce za ta yi mana shifta, ita tana faɗa mu muna rubutawa, karo na farko. Kwana huɗu ina bitar haruffa har a bakin murhu. Na yi wanka, na sa abayata mai kyau, na fito. Sai na ga gabas ta yi baƙi, ta wajen duwatsun Ta'if. Iska ta tsaya cik. Wayata ta yi ƙara, saƙon gargaɗi ne irin wanda ake turo wa kowa. Na tsaya ina haɗa baƙaƙen, na gane kalmar ruwa, sauran suka gagare ni.

Na san abin da ya kamata. Rodin yana jingine a bakin ƙofata. Amma aikin murfin nan ba na minti biyu ba ne, sai ka durƙusa a cikin dagwalo, ka fito kana wari, ka sake wanka. Kuma sau uku a shitar nan ina buɗewa hadarin yana watsewa, ko ɗigo ba a yi ba. Na ce a raina zai kai magariba, ina dawowa zan buɗe.

Ina saka mukulli sai ga kan Yaya a taga.

"Ke 'yar makaranta, ba ki ga sama ba ne? Ko sai Abla ta rubuta miki a allo? In ba za ki iya ba, in turo maigidan ya buɗe."

Da na ce ta turo shi, da shi ke nan. Mijinta, da muke ce wa Malam, direban tasi ne, yana gida a lokacin, mutum ne mai sauƙin kai. Amma na san gobe duk lungu za a ji cewa boko ya hana ni riƙe abin da na bugi ƙirji a kai. Ko juyawa ban yi ba na ce:

"An buɗe tun ɗazu. Ke dai ki ji da matakalarki."

"To ba ki yi kira ba ai."

Sai na ɗaga murya, yadda ake yi, na ce: "An buɗe!"

Ina gangarawa titi ina jin kiran yana hawa, murya bayan murya, har ya yi nisa. Na ji ƙarar bokiti, na ji tsintsiya ta fara.

A aji na rubuta kalma uku. Ta huɗu Abla ta buɗe baki ke nan sai wani abu ya daki rufin kwanon da ke tsakar makarantar, kamar an jefo dutse. Sai na biyu. Sai gaba ɗaya sama ta ɓarke, ƙara har ba ka jin na kusa da kai. Mata suka ruga taga suna salati, wata tana dariya tana cewa ƙanƙara ce, ku zo ku gani. Tsakar gidan ta yi fari fat cikin ɗan lokaci. Ni tunda nake ban taɓa ganin irinta ba, kowace ɗaya ta kai ƙwallon dabino.

Ni ban tashi ba. Fensir yana hannuna. Abin da nake gani kawai shi ne yashin gida takwas da aka koro bisa maganata, ya taru a kan murfin da yake rufe, ga ƙanƙara tana sauka a kai. Sai wani abu ya faɗo mini da ya sa na miƙe har kujera ta kife: daffayar Gwaggo. Na'urar ɗumama ɗaki ce ta lantarki, 'yar ƙarama, a ƙasa take zaune kusa da gadonta. Ni da hannuna na kunna mata ita da azahar, da na kai mata abinci.

Abla ta tare ƙofa tana cewa, "Inna, ina za ki? Mamnu'i ne, an hana fita yanzu, ki jira ya tsagaita." Na ce, "'Yata, matsa." Ta kalli fuskata, ta matsa.

Tsakanin makarantar da lungunmu tafiyar minti goma ce. Ban san nawa na yi ba. Ƙanƙara ta koma ruwa, ruwa kamar da bakin ƙwarya, titi ya zama kogi mai launin ƙasa. Motoci sun tsaya suna ta hon, kwandon shara yana tafiya shi kaɗai. Takalmina ɗaya ya tafi, na cire ɗayan na yar. Ƙanƙarar da ke ƙasa tana yankar tafin ƙafata, abaya ta jiƙe tana naɗe mini ƙafa, na tattare ta har gwiwa, ban damu da wanda ya gani ba. Bakina yana ta "Ya Latifu, Ya Latifu", amma zuciyata lissafin taki huɗun nan take yi, na nawa ruwan ya kai yanzu.

Ya cinye duka huɗun. Saƙon Gwaggo ya zama tafki, ruwan ya kai rabin ƙofarta, ƙanƙara da leda da bawon lemo suna yawo a kai. Daga sama kuma wani yana ta kwararowa a kan matakala, fari, da ƙarfi kamar an fasa tanki.

"Gwaggo! Gwaggo!"

Shiru, sai ƙarar ruwa.

Zan faɗi gaskiya a nan, don ita na zauna rubutawa. Na kai ƙafata bakin ruwan, na janye. Ƙofar Gwaggo ta ƙarfe ce, akwai tazara a ƙasanta, na san ruwa ya riga ya shiga. In ya taɓa daffayar nan, to duk tafkin nan wuta ce. Na taɓa ganin akuyar da ta taka irin wannan ruwan, ban manta yadda ta sandare ba. Ni da na ce muddin ina numfashi, ga ni a tsaye a kan busasshen taki, ina tsoron mutuwa, tsohuwa tana ciki.

Na juya na kwarma ihu: "Malam! Malam! A kashe wuta! A kashe wutar Gwaggo!"

Mijin Yaya ya fito da buhu a ka. Ya dubi tafkin, ya dube ni, bai tambayi komai ba, ya ruga bakin titi inda akwatunan mita suke. Yaya ta biyo shi tana riƙe bango, tana cewa, "Innalillahi, ba an buɗe ba? Ƙanƙarar ce ta toshe?" Ina tsaye ina kallon ruwan yana hawa jikin ƙofa, yana cin tsatsar da na sani ɗaya bayan ɗaya. A rayuwata ban taɓa yin jira mai tsawon wannan ba.

"Na kashe! Duk lungun na kashe!"

Na faɗa ciki. Sanyin ya kama ni har ƙugu kamar an sa wuƙa, numfashina ya ɗauke. Na nufi ƙofa da mukullin da nake riƙe mata, sai Malam ya daka mini tsawa daga baya, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Kar ki buɗe! Ƙofar ce take tare mata ruwan. Kina buɗewa duk wannan a kanta zai zube. Rariya tukuna!"

Na manna kunne a ƙarfen. Can ciki na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sanda ce ake bugawa a jikin gado.

"Tana da rai! Gwaggo, ga mu nan, ki riƙe!"

Na laluba da ƙafa inda murfin yake. Babu murfi, sai tudu. Yashi da tsakuwa da ƙanƙara sun haɗu sun daskare kamar an yi daɓe. Na durƙusa ruwa ya kai mini wuya, na shiga tona da hannu. Yatsuna suka daina jin komai, ban san farcena biyu sun fita ba sai daga baya. Malam ya shigo da rodina da Yaya ta ɗauko, yana soka yana ɓamɓarewa, ni ina kwashewa ina watsawa baya. Duk abin da muka kwashe, matakala tana kawo wani. Yaya ta tsaya a bakin saƙon da faffaɗan murfin tukunya tana kare mana tsakuwa, tana kuka tana zagin ƙanƙara.

Hannuna ya taɓa zoben murfin. Na kama hannun Malam a cikin ruwa na kai rodin wurin. A nan ya gane. Murfi a kwance, a rufe, yadda yake kullum. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, ruwa yana zuba a gemunsa. Ya ce, "Ki koma jikin bango ki riƙe tagar nan da kyau. In ya buɗe zai ja ki."

Ya danna rodin, ya danna, murfin ya yi ƙara ya ɗaga. Ramin ya ja ruwa da wani irin gurnani, na ji ƙafafuna suna barin ƙasa, na ƙanƙame ƙarfen taga har ya shiga naman hannuna. Jakar makarantata da ke wuyana ta tsinke ta bi ruwan. Ina kallo tafkin ya sauka daga ƙugu zuwa cinya, zuwa gwiwa, zuwa idon sawu.

Hannuna ya kasa juya mukulli, Yaya ce ta buɗe. Ruwan ciki ya fito ya bi ta kan ƙafafunmu. Ɗakin duhu, kwanuka suna yawo, buhun shinkafarta ya nutse. Ruwan ya kai bakin gado, katifa ta sha ta ƙoshi. Gwaggo tana zaune ta jingina da bango, ban san yadda ta ja jikinta ta tashi ba, sanda a hannu, leɓɓanta sun yi toka, haƙoranta suna haɗuwa. Malam ya ɗauke ta kamar jaririya ya hau da ita ɗakina.

Kwana uku tana zazzaɓi, ƙirjinta yana ƙara kamar ana jan tabarma. Ɗanta ya kawo likita har gida, aka yi allura, aka ce a jira. Ina zaune a gefenta ina ƙirga numfashinta, in ya yi jinkiri sai in miƙe tsaye. Mata suna shigowa da kunu da farfesu, kowace sai ta kama hannuna da ke naɗe da bandeji ta sa mini albarka. Wai ni ce na baro makaranta a guje na ceci Gwaggo. Kowa ya ɗauka ƙanƙara ce ta cike ramin. Malam bai faɗa wa kowa ba, har matarsa. In mun haɗu a matakala sai ya gaishe ni ya sunkuyar da kai, wannan ya fi mini zagi ciwo.

Rana ta huɗu da hantsi zazzaɓin ya sauka, ta sha kunu rabin kofi. Yaya tana wurin tana ninke kaya. Na durƙusa a gaban gadon na ce:

"Gwaggo, ba ƙanƙara ba ce. Ban buɗe rariyar ba. Ƙarya na yi, na yi kira ban buɗe ba."

Yaya ta saki zanen da ke hannunta. Gwaggo kuwa ko gira ba ta ɗaga ba.

"Na sani," in ji ta. Muryar ta dushe, sai da na matsa. "Kaina a jikin bangon nan yake. Shekara nawa ina ɗaga ƙarfen nan, kya ce ban san kukansa ba? Na ji kin ce an buɗe, ban ji ƙarfe ba. Na kira ki, kin yi gaba. Na kira wannan maƙwabciyar taki, tsintsiya ta hana ta ji. Ina kwance ina jin yashi yana zubowa a kan murfi, gida bayan gida."

Na kasa ɗaga kai.

"Da sandar nan na fizge wayar daffaya, sau bakwai ina kai mata ina kuskurewa. Sannan na ja jikina na zauna, na yi shahada, na jira. Tun kafin ɗigon farko ya sauka nake jira, 'yar nan."

Na ce ta yafe mini. Na faɗa ya fi sau uku, ina riƙe da ƙafarta da ba ta ji.

Sannan ta ce, "Ruwan na yafe miki, na Allah ne. Shinkafar ma na yafe. Jiran nan ne ban yafe ba tukuna. Ki ba ni lokaci." Ta dubi Yaya ta ce, "Ke, juya ni wajen bango, bayana ya gaji."

Da mako ya zagayo ɗanta ya zo da mota, wannan karon ba ta yi gardama ba. Aka sauko da ita a kan kujera, maza biyu suna riƙe, ba ta ko waiwayi saƙon ba. Ta yi shita biyu a Hindawiyya kafin Allah ya karɓi abinsa. Duk Juma'a ina zuwa, in yanke mata farce, in taje mata kai, mu ci abinci a kwano ɗaya, ta yi mini faɗa in gishiri ya yi yawa. Sau da yawa maganar yafiyar tana zuwa mini har baki, in dubi fuskarta, in haɗiye. Ban sake tambaya ba, ita ma ba ta sake tayarwa ba.